Kwanon Ɗakin Baba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Surukina ya rasu a nan Doha ranar wata Talata da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, a ƙasar da har ya bar duniya bai yarda shayinta shayi ne ba.

Ban san gidanmu na Al Sadd ƙarami ba ne sai ranar. Falo ya cika da maza, suka gangara har kan matakala, takalma kuwa har bakin lif. Likitoci da injiniyoyi, abokan aikin baban yara, sun zo, wannan ba abin mamaki ba ne. Waɗanda suka ba ni mamaki su ne masu gadi da direbobi, daga Al Asmakh, daga Madinat Khalifa, wasu da kayan aiki a jikinsu, sun roƙi izini a wurin aiki sun taho. Mu mata muna ciki, sai matar wani likita ta leƙa ta dawo tana riƙe da baki. Ta ce, "Ashe Baba yana da jama'a haka? Ni wallahi na ɗauka tsoho ne mai jinya kawai." Ba da mugun nufi ta faɗa ba, amma maganar ta tsaya mini a rai, kuma ita ce ta sa na zauna rubuta wannan.

Can sai aka ce wani yana son yi mini gaisuwa daga bakin ƙofa. Na sa mayafi na fito. Wani ƙaton mutum ne da rigar gadi, idanunsa sun yi ja. Ɗan garin su baban yara ne, na san shi, yakan zo gaida Baba ranar Juma'a.

Ya ce, "Hajiya, ya haƙuri? Kin san Malam ya taɓa yi mana kiwo?"

Na ce, "Kiwo kuma?"

Ya ce, "Wallahi. Babanmu ya ce ba zan yi boko ba don babu mai kora awaki. Malam ya ce a ba shi ni da safe, shi kuma da yamma zai kora awakin. Hedimasta guda, da farar rigarsa, yana bin awakinmu a bayan gari. Da babanmu ya ga da gaske ake, kunya ta kama shi, ya ce khalas, shi ke nan, a bar shi ya yi karatun." Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Bai lura ba ma ya sa wa mahaifinsa Larabcin Doha a baki.

Baba hedimastan firamaren ƙauyensu ne tun kafin a haifi baban yara. Makarantar ba wata babba ba ce, gini ɗaya ne dogo, da bishiyar darbejiya a gabansa. A reshen bishiyar an rataye tsohon ƙarfen tayar babbar mota, shi ne ƙararrawa, ana dukansa da guntun rodi. Tsakanin ƙauyen da babban gari akwai rafi. Da rani yashi ne kawai, ko akuya ta tsallaka. Da damina kuwa manya ma sai sun jira ruwa ya ja. Baba ya yi ritaya da daɗewa, amma a wurinsa ritaya albashi ta tsayar, ba ta hana shi sa baki ba. Hedimastocin da suka biyo bayansa duk sun sha fama da shi.

Ciwon ƙoda ne ya kawo shi wurinmu, gab da a rufe duniya saboda korona. Da niyyar 'yan makonni ya zo. Sai jirage suka tsaya, sannan likitoci suka ce wankin ƙoda ya zama dole duk mako, abin da babu shi ko kusa da ƙauyensu. Baban yara ya yi masa takardun zama. Ranar da katin ya fito, Baba ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Ikon Allah. Yaron da na koya wa ɗaure wando, yau shi ne kafil ɗina, mai tsaya mini a wurin hukuma."

A gida, suruka ba ta zama inda surukinta yake, ko ido ba a haɗawa. A ɗakuna uku cikin kulle kuwa, ina za ka gudu? Kunyar ta yi iya ƙoƙarinta, ta gaji, ta bar mu. Ni malama ce a wata kwaleji a nan, lokacin kuma ta kwamfuta nake koyarwa daga teburin cin abinci. Baba sai ya jawo kujera ya zauna a bayan labule wai yana lazimi. Ina gama darasi zai yi gyaran murya.

"'Yata, wannan yaron da bai ce komai ba yau, jiya ma bai ce ba."

Na ce, "Baba, haka yake, ba ya son magana."

Ya ce, "A'a. Masu ɗaga hannu sun riga sun ci gaba, ko ba ki nan za su ci. Albashinki na mai shirun nan ne."

Haushi ya kama ni ranar, na shiga kicin ina ta buga tukwane. Shekara nawa ina koyarwa, a ce sai an gyara mini daga bayan labule? Amma na kira yaron, na gano a wayar yayansa yake bin darasi, rabin lokaci ba ya ma ji. Ban gaya wa Baba ba, don na san ba zan huta ba.

Da aka rufe makarantu a Najeriya, Baba ya kira Inna, matarsa, wadda ta zauna a ƙauye tana tsaron gida. Ya ce kullum da safe ta je gindin darbejiya ta buga ƙararrawa.

Ina jin muryarta ta waya tana cewa, "Malam, wa zan kira? Gwamnati ta ce kowa ya zauna a gida."

Ya ce, "Ba kira za ki yi ba, tuni za ki yi. In kunnen gari ya saba da shiru, ranar da aka buɗe ba wanda zai zo."

Haka tsohuwar nan, da ciwon gwiwarta, take fita kowace safiya. Ta kira shi, ta ajiye wayar a kan tushen bishiya, ta ɗauki rodi. A nan Doha rana ta riga ta ɗaga, Baba yana zaune a baranda da wayarsa a kunne, idonsa a rufe. Ko a kan gadon wankin ƙoda yake, sai ya ɗauka. Ma'aikatan jinya har sun saba, wata takan ce masa, "Baba, yalla, maza, makaranta!" Mutanen gari da farko sun ce Inna ta fara ruɗewa. Daga baya mata suka koma ɗora tukunyar koko da ƙararrawarta. Ko bayan an buɗe makaranta, ɗalibai sun karɓi rodin, Inna ba ta fasa zuwa ta riƙe masa waya ba.

Duk da haka yaran da suka dawo ba su kai na da ba. Wasu an tura su birni, wasu gona ta riƙe su. Aka fara raɗe-raɗin cewa ofishin ilimi zai haɗe ƙananan makarantun yankin da babbar firamaren gari, har an riga an yi wa wasu ƙauyuka biyu da ke maƙwabtaka da su. Ana cikin haka, a ƙarshen daminar shekarar gasar cin kofin duniya, iska ta yaye rufin makarantar Baba gaba ɗaya. Sai ofis ya aiko da magana mai daɗin ji: bayan hutu a kwashe yaran zuwa gari na ɗan lokaci, kafin a gyara rufin.

A kan wannan uba da ɗa suka yi rigimar da ban taɓa ganin sun yi irinta ba. Baban yara injiniya ne, komai sai ya auna. Ya ce, "Baba, a duba gaskiya. Can akwai malamai isassu, akwai kujeru, akwai banɗaki. Nan malamai biyu ne, ɗaya ma ba kullum yake zuwa ba. Don kawai kai ka dasa bishiyar, sai a bar yara a rana?"

Baba ya dube shi ya ce, "Kai da ka yi karatu a ƙarƙashin bishiyar, me ya rage ka?"

"Zamani ya canza, Baba."

"Rafin ya canza? Manyan yara maza za su tsallaka, na yarda. 'Yan aji ɗaya fa? Yara mata fa? Uwa za ta ce bari ruwa ya ja, ruwa ya ja ta ce bari a gama girbi, shi ke nan an gama karatu."

Baban yara ya ce ai na ɗan lokaci ne. Baba ya tashi ya shiga ɗaki, ranar ko tuwon da na tuƙa masa bai taɓa ba. Ni dai bayan Baba nake, amma matar gida ba ta shiga tsakanin ɗa da uba, sai na huce a kan baban yara ta hanyar cika masa yaji a miya. Suka yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa su.

Sai gasar ta zo, Doha ta cika har ta batse. Gidan da ke kallon namu aka ba da shi haya ga wasu Turawa 'yan Wales, wani tsoho da 'yarsa, kullum cikin jajayen riguna da wata hula kamar ta masunta. Baba ba ruwansa da ƙwallo, abin da ya sani shi ne sanyi ya sauka, yana iya zama a bencin ƙofar gini da safe. Wata rana na sauko in kai masa magani, na tarar ya buɗe muryar waya, ƙararrawa tana tashi, tsohon Baturen kuma ya tsaya cak a gabansa da kofin kofi a hannu. Ya tambayi Baba ko wannan ƙararrawar makaranta ce. Baba ya gyara zama, ya zaro Turancinsa na kwalejin horon malamai, irin wanda ko Turawan ma sun daina yi. Kafin in koma sama sun zama abokai.

Baba ya shigo yana murna. "'Yata, mutumin nan makiyayin tumaki ne! Ashe Turawa ma suna da Fulaninsu. Kuma suna da yarensu daban, ba Turanci ba. A dafa shayi na gaskiya, na gayyace shi."

Da la'asar Baturen ya zo, baban yara ma yana gida. Ina kawo shayi ina sauraro. Ya ce ƙauyensu a gindin tsauni yake, makarantarsu aji biyu ce, a nan kakansa ya yi, a nan shi ya yi, a nan 'yarsa ta fara. Matasa suka yi ta tafiya birni neman aiki, yara suka yi ta raguwa. Wata shekara rufin ya fara yoyo. Hukuma ta ce mota za ta riƙa kai yaran babbar makaranta a gari kafin a gyara. Iyaye suka ga ai ba laifi, shi ma ya yarda.

Baba ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Aka gyara?"

Baturen ya girgiza kai. Ya ce da shekara ta zagayo sai aka ce musu ba za a kashe kuɗi a kan makarantar da babu ɗalibi ko ɗaya a cikinta ba. Sun yi taro, sun yi zanga-zanga, ba abin da ya canza. Aka haɗe ta da na wasu ƙauyuka a wuri guda.

Baban yara ya tambaye shi, "To sabuwar makarantar ba ta da kyau ne?"

Ya ce, "Tana da kyau ƙwarai, jikokina suna ƙoƙari a can. Sai dai iyayensu sun gaji da jiran mota, sun koma kusa da ita. Kowa ya koma. Kantin garinmu ya rufe. Ginin makarantar yanzu baƙi ke kama shi haya in sun zo hutu. Da safe in na fito, tumaki kawai nake ji." Ya ƙara da cewa, "Mutane suna cewa hukuma ce ta rufe ta. Ni na san ranar da aka rufe ta, ina tsaye a wurin. Ranar da muka sa yaranmu a motar nan muna ɗaga musu hannu ce."

Baba ya ce, "Ƙararrawar fa?"

Ya ce tana rumbunsa, cikin kayan gona.

Baturen ya yi sallama ya tafi. Baban yara ne ya fara magana. Ya ce, "Baba, na ji. Gobe zan tura a sayi kwano, a rufe makarantar kafin a dawo hutu."

Na ɗauka Baba zai yi murna. Sai ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, amma ajiye kuɗinka. In ɗan Doha ya rufe ta, ta zama makarantar ɗan Doha. Gobe in taga ta ɓalle, za su zauna su jira ka. Kuɗinka zai sayi kwano, amma ba zai sa mutanen garinmu su ji kunya ba. Kira mini uwarka."

Akwai ɗakin da Baba ya gina wa kansa a tsakar gidansu, ya rufe shi da sabon kwano gab da tahowarsa. Kullum maganarsa ke nan, in ya koma zai sa kujera a ƙofarsa. Da Inna ta ɗauki waya, ya ce ta nemo kafinta ranar kasuwa, lokacin da kowa ke wucewa ta ƙofar gida, a cire kwanon ɗakin nan a kai makaranta. Kada a ɗauka a amalanke, a ɗauka a ka, ɗaya bayan ɗaya, ta tsakiyar gari.

Inna ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, "Malam, in ka dawo ina za ka kwana?"

Baba ya yi murmushi ya ce, "A aji ɗaya mana. Akwai benci."

Ba wanda ya yi dariya. Dukanmu mun san abin da likitoci suka faɗa, amma ba wanda ya taɓa furta shi, sai ranar da Baba ya faɗe shi da kwano. Baban yara ya tashi ya fita baranda ya rufo ƙofa. Ni kuma na tattara kofuna ina kuka, ban ma ɓoye ba.

Baba ya san mutanensa. Inna ta ba mu labari cewa ana fara ɓamɓarar ƙusa, mai unguwa ya shigo ba ko sallama yana tambayar lafiya. Ta ce masa, "Malam ne ya ce yara sun fi shi buƙata." Ta ce mutumin ya tsaya yana kallon sama kamar an mare shi. Kwanon Baba ko rabin ginin bai rufe ba, shi ma ya san ba zai rufe ba. Kafin magariba wani ya ciro na rumfar awakinsa, wani na kicin ɗin matarsa, mai shayi ya kawo na rumfarsa. Kafinta ya ce in ya karɓi ladan aiki Allah Ya tsine masa. Aka yi gayya, mata suka dama fura, tsofaffin da Baba ya taɓa zanewa a aji suna ta miƙa katako. Mai gadin nan da sauran 'yan garin da ke Doha suka yi ta kiran gida, kowa yana cewa in aka dawo hutu bai ga ɗansa a aji ba, za a ji kansu.

Da aka turo hoton, na yi dariya har na zauna. Rufi ne kamar zanen da aka yi wa faci, nan sabo yana ƙyalli, nan ja da tsatsa, can shuɗi. Baban yara ya duba da idon injiniya ya ce ko layi ɗaya bai miƙe ba. Baba ya ce, "Yana yoyo?" Ya ce a'a. Baba ya ce, "To, khalas."

Jami'an ofis suka zo da motar kwashe kujeru, suka tarar da rufi, da yara cike da aji, da iyaye zaune a gindin darbejiya ba mai cewa komai. Suka gaisa, suka ce za su sake duba maganar, suka juya. Da damina ta dawo, rafi ya cika kamar yadda ya saba. Yaran ƙauyukan nan biyu da aka riga aka haɗe da gari suka rasa hanya, iyayensu suka fara turo su makarantar Baba, tunda ita a wannan tsallaken take. Ruwa ya ja, ba su koma ba. Daga ƙarshe ofis ya bi abin da ya gani, ya ƙaro malamai. Haɗewar da aka yi niyya an yi ta, amma a ƙarƙashin kwanon Baba aka yi.

Ranar da labarin ya iso, Baba yana kwance, jiki ya yi nauyi sosai. Ya sa aka tayar da shi zaune, ya ce, "Yalla, a kawo mini shayin nan naku mai kauri, yau ko shi zan sha." Ya sha, ya yamutsa fuska, ya ce har yanzu ba shayi ba ne. Ya sa na tura wa 'yar Baturen hoton rufin. Amsar da ta dawo ba magana a cikinta, tsohon ne tsaye a ƙofar rumbunsa da jar hularsa, yana kaɗa ƙararrawar hannu da iya ƙarfinsa, tumaki suna watsewa. Baba ya kalla ya sake kallo, yana dariya yana share ido.

Ranar sadakar uku, da hantsi, falo a cike ana addu'a, sai wayar Baba ta yi ƙara a kan tebur inda aka ajiye ta. Lambar Inna ce. Baban yara ya dube ni ta ƙofa, don mun san tana takaba, ba za ta je gindin darbejiya ba. Ya ɗauka, ya buɗe murya.

Ta ce, "Ku yi shiru."

Sai ga ƙararrawa, tar, kamar a cikin falon ake bugawa. Bayanta hayaniyar yara suna gudu, masu yawa, har ba a rarrabe murya. Mai gadin nan ya rufe fuskarsa da hularsa. Likitocin da ba su san labarin ba suna ta kallon juna.

Baban yara ya ce, "Inna, kin fita ne?"

Ta ce, "Ina zan fita? Ina cikin ɗakin babanka. Tunda ba rufi, nan sautin ya fi faɗowa."

Baban yara ya ce in ya je zai sa a rufe ɗakin, kada damina ta rushe shi.

Ta ce, "Kul. Ka gyara bango in kana so, amma kada ka sa masa kwano. Gobe ma zan kira, ka bar wayar a kunne."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa kowane harafi da aka koya a ƙarƙashin kwanon nan ya same shi a inda yake. Wayar tana nan a kan teburin da nake koyarwa, kullum ina sa mata caji.